Teburin Walda: A Ƙera Ko A Saya?

Duk wanda ya taɓa zagaya Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko layukan masu walda da ke kewaye da kasuwar Dei-Dei a Abuja, zai shaida cewa hannun mutanen ƙasar nan bai gaza ba. Ana ƙera ƙofofi da tagogi, gadaje da kujerun makaranta, injin niƙa da na sussuka, tankin ruwa da ƙafafunsa, har da bodin manyan motoci. Sai dai idan mutum ya sauke idonsa zai lura da wani abu guda da ya game kusan kowane shago: mafi yawan wannan aiki a ƙasa ake yin sa. Mai walda a tsugune, yaronsa ya take ƙarfe da ƙafa, an tokare wata kusurwa da dutse, wata da guntun bulo. Teburin walda, wanda a wasu ƙasashe shi ne abu na farko da ake kafawa a shago, a wurinmu ya zama kayan alatu da sai shago ya bunƙasa ake tunawa da shi.

Ranar da aka tuna da shi kuwa, tambaya ɗaya ce ke tasowa: a sayi na kamfani ko a ƙera a gida? Ra'ayina shi ne mai walda na talakan gari, wanda abincinsa ke fitowa daga ƙofa da taga da gado, ya ƙera teburinsa da hannunsa, amma ya zuba kuɗinsa a kan abu ɗaya da hannu ba ya iya samarwa, wato fallen ƙarfe mai kauri wanda fuskarsa take a miƙe. Sayen na kamfani yana da ranarsa da mutanensa, kuma zan zo kansu. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne ci gaba da aiki a ƙasa da sunan ana jiran kuɗin tebur.

Kafin a yi gardamar saye da ƙira, ya kamata a fahimci aikin da teburin ke yi. Maƙeran gargajiya ba su kira dunƙulen ƙarfen da suke dukan aiki a kansa uwar maƙera a banza ba. Zugazugi na iya yagewa a ɗinke, awartaki ya karye a sake wani, amma idan uwar maƙera ta lalace, duk abin da aka ƙera a kanta zai gaji lalacewarta. Haka teburin yake ga mai walda. Shi ne ma'aunin da aiki ke kwaikwayo. Idan fuskarsa a miƙe take, ƙofar da aka haɗa a kansa za ta fito a miƙe. Idan yana da kwari a tsakiya ko tudu a gefe, ƙofar za ta ɗauki wannan kwari da wannan tudu ta tafi da su gidan mai ita.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar ƙarfen kansa. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce. Sanda mai tsawon mita ɗaya da zafinta ya ƙaru da digiri 100 takan ƙara kimanin milimita 1.2. A daidai bakin walda kuwa zafin yakan kai inda ƙarfe ke narkewa, wajen digiri 1,500, alhali taki kaɗan daga wurin ƙarfen da sanyinsa. To idan wurin da ya narke ya fara hucewa sai ya tsuke, ya jawo abin da ke gefensa. Shi ya sa kusurwar da aka saita daidai kafin walda takan rufe bayan walda, doguwar sanda ta banƙare, firam ya murɗe. Wannan ba gazawar mai walda ba ce, kowane ƙarfe haka yake yi a hannun kowa. Gwaninta ita ce a danne aikin a kan abin da ya fi shi ƙarfi, a ɗiɗɗiga walda a kusurwoyi tukuna, a sake awo, sannan a cike. Ƙasa ba ta ba da wannan dama. Ba a iya matse ƙarfe a jikin turɓaya, dabe kuma galibi da gangan ake karkata shi don ruwa ya gangara, ga shi idan wuta ta daɗe a kansa danshin da ke cikin siminti yakan sa ya tsage ya yi tsartuwa.

Sakamakon wannan kowa ya san shi, ko da bai taɓa riƙe sandar walda ba. Ƙofar da sai an ɗaga ta da gwiwa kafin sakata ta shiga. Tagar da birkila ya fasa bulo ya cike da siminti kafin ta zauna. Gadon da ƙafarsa ɗaya ke lilo sai an saka mata kwali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan talla ce ga ƙofofin Sin da Turkiyya da suka cika shagunan kayan gini. Mai gida da ya biya kuɗi mai yawa ya sayi ta waje, sau da yawa ba don ta fi kauri ya saye ta ba, domin wasu ma ƙarfensu bai kai na gida ba. Ya saye ta ne don ya tabbata idan an kafa ta za ta rufe. A nan kasuwar masu walda ke zurarewa, milimita biyar a wannan kusurwa, milimita uku a waccan.

Akwai kuma lafiyar jiki. Wanda ya shekara ashirin yana aiki a tsugune, fuskarsa a kife kan hayaƙin walda, bayansa da gwiwarsa da ƙirjinsa ne za su biya bashin. Da damina abin ya fi haɗari. Injin walda na sanda yakan riƙe wutar da ta kai bolt 50 zuwa 80 a bakinsa ko ba a fara aiki ba, kuma wannan ya isa ya illata mutumin da ke tsaye da silifas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, gumi ya jiƙa masa hannu. A shaguna da dama, hanyar da wuta ke bi ta koma inji guntayen rodi ne da aka jera a ƙasa, wannan ya taɓa wancan. Tebur na ƙarfe da aka ɗaure wayar komawar wuta a jikinsa da kyau yana rage wannan kasada, yana kuma sa wutar ta tsaya daidai, walda ta yi kyau.

Idan an yarda tebur wajibi ne, me ya sa ba za a sayi na kamfani a huta ba? Gaskiya ne, teburan da kamfanoni irin su Siegmund da Demmeler na Jamus ke yi, da masu kama da su da ake yi a Sin, abin sha'awa ne. Inji ne ke fere fuskarsu har ta daidaita, wasu kuma ana ƙara musu tauri ta yadda ɗigon narkakken ƙarfe ba ya kama su sosai. An huda su a jere, ramuka masu faɗin milimita 16 ko 28, tazara iri ɗaya, yadda za a cusa abin matsewa ko abin tokarewa a duk inda ake so. Wanda ya saita aiki a kansu sau ɗaya zai iya maimaita shi sau ɗari ba tare da ya sake ɗaukar tef ba. Babu mai walda a bakin titi da zai iya yin irinsu da hannu, kuma faɗin haka ba raini ba ne.

Matsalar ita ce lissafi. Da dala ko yuro ake sayensu. Dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kaya ne masu nauyin gaske, babba yakan yi ɗaruruwan kilo, don haka kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan a Legas, da na motar da za ta hauro da shi Arewa, duk a kan mai saye suke. Bayan haka ramukan nan ba su da amfani sai da kayan matsewar da aka yi dominsu, su ma da kuɗinsu daban. Mai shagon da tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yake fama da kuɗin janareta, ko wanda ke layin da aka mayar da kuɗin wutarsa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, idan ya kwashe jarinsa ya zuba a tebur guda, da me zai sayi ƙarfen da zai ɗora a kai? Sannan a tambayi kai: ƙofar gida tana bukatar daidaito irin na ɗan ɓarɓashin milimita? Ba ta bukata. Abin da take nema shi ne ta fito ba murɗiya, kusurwoyinta su daidaita. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai wani rukunin na saye da ya fi wannan haɗari, domin shi araharsa ce ke jan mutum. Su ne ƙananan teburan naɗewa masu siririn falle, kaurin milimita biyu ko uku. Suna da amfani ga wanda ke zuwa gyara gida-gida, yana ɗaukar kayansa a bayan mota. Amma a matsayin teburin shago, guduma ɗaya mai kyau za ta lotsa su, zafin yini guda ya banƙara su. Wasu ma an shafe su da sinadarin zinki don hana tsatsa, shi kuwa idan wutar walda ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta aiki.

Saura ƙira a gida, kuma a nan ne nake so masu sana'ar su yi wa kansu adalci, domin ba kowane abin da aka ɗora falle a kan ƙafa huɗu ne tebur ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi rowar falle. Falle mai ƙafa huɗu da takwas, wanda shi ne girman da aka saba sayarwa, idan kaurinsa milimita 3 ne nauyinsa kusan kilo 70 ne, mai milimita 6 kusan kilo 140, mai milimita 10 kuwa ya haura kilo 230. Tunda da nauyi ake kimanta kuɗin ƙarfe, kowa ya ga inda jarrabawar take. Shawarata ita ce a rage faɗi a ƙara kauri. Rabin falle mai milimita 10 ya fi cikakken falle mai milimita 3 amfani nesa ba kusa ba, domin kauri ne ke shanye zafi, shi ne ke jure duka. Idan doguwar ƙofa ta zo, a yi wa teburin hannuwa masu zarewa ko a kafa jakuna biyu a saita tsayinsu da nasa. Falle mai zanen hana santsi, irin wanda ake shimfiɗawa a matakala, ba ya yin tebur. Wanda zai saya a wurin 'yan gwangwan ya tafi da doguwar sanda miƙaƙƙiya ya ɗora ta tsaye da kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ya duƙa ya duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ko sabon falle ma a gwada shi haka, don ba duka ke fitowa daga masana'anta a miƙe ba.

Ba laifin mai walda ba ne da fallen ya yi tsada. Kamfanin Ajakuta, wanda aka ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyet tun 1979, har yau bai narka tama ya fitar da ƙarfe ba, kuma masana'antun da aka kafa a Katsina da Jos da Oshogbo don rodi da waya aka yi su. Galibin falle mai kauri daga waje yake zuwa, don haka shi ma dala ce ke yanka masa farashi. Bambancin shi ne mai ƙira yana biyan dalar ƙarfe kaɗai, mai sayen na kamfani kuwa yana biyan dalar ƙarfe da ta ƙwadagon wani da ta ribarsa.

Kuskure na biyu ya fi ban takaici, domin yakan faru ne bayan an kashe kuɗin. Mutum ya sayi falle mai kyau, sai ya kifa shi a kan firam ya bi shi da walda zagaye don ya yi ƙarfi. Tsukewar da muka ambata a baya sai ta jawo gefunan ƙasa, tsakiya ta taso, an lalata abin da aka saya da tsada tun kafin a fara aiki a kansa. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaure fallen da noti ta ƙarƙashi, ko a ɗiga masa gajerun walda nesa da juna, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana bari ya huce. Inda aka ga rata tsakanin falle da firam a cusa siririn ƙarfe a cike ta, kada a jawo fallen da ƙarfi. Firam ɗin kansa a yi shi da bututu mai kusurwa huɗu mai kauri, a sa masa haƙarƙari a tsakiya, a auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu har awon ya zo ɗaya. A ja siririn zare biyu a gicciye: idan sun taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, babu murɗiya. A ƙasan kowace ƙafa a walda babban noti a ɗaura masa ƙusa mai zare, yadda za a iya ɗaga ƙafar ko a sauke ta idan daben shago bai daidaita ba. Tsayi kuwa wajen santimita 85 zuwa 90 ya yi wa yawancin mutane. A bar bakin fallen ya zarce firam da kamar faɗin tafin hannu don abin matsewa ya samu wurin kamawa. Kada a sa katako ko'ina a jikinsa, kada kuma ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar jarkar fetur da tsumma.

Masu sha'awar ramuka irin na teburin kamfani su yi lissafi tukuna. Tebur mai mita 1.2 da 2.4, idan za a huda shi kowane santimita 10, ramuka 288 ke nan. Hudar hannu ba za ta jera su daidai ba, ramin da bai jeru ba kuwa ado ne kawai. Ko dai a kai fallen wurin masu injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ko a bi hanya mafi sauƙi, a jera faffaɗan sanduna masu kauri a bar rata tsakaninsu. Abin matsewa zai shiga ko'ina, tartsatsi da ƙura su zube ƙasa, wadda ta lalace a kwance ta a sa wata.

Mai adawa da wannan ra'ayi yana da magana mai nauyi. Zai ce: ta yaya wanda ba shi da miƙaƙƙen wuri zai ƙera miƙaƙƙen tebur? Kuma kwanakin da zai ɓata a kai ai kuɗi ne. Duka biyun gaskiya ne. Amsar ta farko ita ce zare da tef da ma'aunin ruwa na birkila ba sa bukatar miƙaƙƙiyar ƙasa, haƙuri kawai suke bukata, kuma miƙewar fuskar ai tare da fallen aka sayo ta. Ta biyu kuwa, kwana biyu ko uku da aka kashe sau ɗaya ba su kai kwanakin da ake ɓatawa duk wata wajen yanke ƙofar da ta murɗe a sake haɗa ta ba, balle mai gidan da ya tafi bai dawo ba. Inda maganar mai adawa ta yi rinjaye shi ne idan aiki ya zama na maimaici mai yawa ko na sassan inji: kwangilar kujerun makaranta ɗari biyar, ko ƙirar injin da ƙafafun juyawarsa dole su hau layi ɗaya. A nan teburin kamfani yana biyan kansa, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya saya ba tare da jin ya ci amanar sana'arsa ba. Inda ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba, ƙungiyar masu walda ta kasuwa za ta iya sayen guda a kafa a wuri ɗaya ana haya, kamar yadda ba kowane shago ke da injin lanƙwasa falle ba amma kowa na amfana da na maƙwabci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai ribar ƙira da ba ta shiga lissafin kuɗi, kuma ita ce ta fi damuna. Duk darasin da yaron shago ke bukata yana cikin tebur ɗaya: awo, yanka daidai, saita kusurwa, sanin inda zafi zai ja ƙarfe, da haƙurin sake dubawa kafin a cike walda. Da iyayen gida a wannan sana'a za su mayar da shi sharaɗin yaye, yaro ya ƙera tebur a gaban manya, a ja zare a ɗora sanda a duba, in ya ci ya tafi da shi sabon shagonsa, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Haka kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyar da sana'a da ke ƙarƙashin kulawar hukumomi irin su NBTE da ITF. Maimakon a ba ɗan kwangila ya kawo tebura, a sayi falle da bututu a ba ɗalibai, malami ya tsaya a kansu. Su kuma masu rabon kayan tallafi, 'yan siyasa da ƙungiyoyi, su sani inji da janareta da tabarau ba su cika shago ba. Wanda aka ba inji ba a ba shi wurin aiki ba, gobe a bakin kwata za a same shi a tsugune.

Saboda haka ga mai walda da ke wannan shawara a yau: ka duba aikin da ke ciyar da kai, ba wanda ka gani a waya ba. Idan ƙofa da taga da gado ne, ka tara kuɗin falle mafi kauri da aljihunka zai ɗauka, ka zaɓe shi da sanda a hannu, ka ƙera masa ƙafafu da natsuwa, kada ka ƙona shi da walda. Idan aikinka ya girma har ya fi ƙarfin wannan tebur, ribar da ya jawo maka ce za ta sayi na kamfani, shi kuma ya koma hannun babban yaronka. Mu kuma masu kai aiki, kafin mu tsaya cinikin farashi, mu leƙa mu ga a kan me za a haɗa mana ƙofar.